Kakin Samanja Ba Ya Shiga Kowa

Ranar 12 ga Nuwamba 2023 Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna. Da kafafen labarai sun tsaya a kan wannan suna kaɗai, da mutane da yawa sun yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi sun ci gaba da harkokinsu. Sai da aka ce Samanja ne sannan dattawa suka ajiye abin da ke hannunsu. Haka aka yi da Abdullahi Shu'aibu ya rasu a Jos a 2025, Karkuzu jama'a suka yi wa ta'aziyya. Rabilu Musa kuwa tun yana raye sunansa na yanka ya koma na takardu, duniya Ibro ta sani.

Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya yi wasa shi kaɗai. Kowannensu yana da ayari: mata, abokin gardama, maƙwabci mai tsegumi, yaron gida, mai bin bashi. Wasannin taro ne, kuma wasu daga cikin 'yan ayarin gwanaye ne na gaske. Amma a cire mutum ɗayan nan a ga abin da zai rage. An sha canza matar gida ko abokin hira a irin waɗannan shirye-shirye, mai kallo ya yi ƙorafin mako guda ya saba. Wanda ba a taɓa iya canzawa ba shi ne mai sunan shirin. Abin tambaya shi ne daga ina wannan hali ya shigo wasan Hausa, domin a iya nazarina ba gadonsa ba ne.

A fara da Samanja Mazan Fama, tunda shi ne misali mafi fitowa fili. Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara ta yanzu, ya shiga soja a shekarun 1960, ya daɗe cikin kaki kafin ya yi ritaya. Abin da ya kawo gidan rediyo da talbijin na Kaduna ba kwaikwayon soja ba ne irin na wanda ya hango bariki daga bakin titi. Hausar bariki ce a bakinsa, wadda ta cakuɗe da guntayen Turanci da karin harshen mutanen da suka koyi Hausa bayan sun girma, ga tsawa, ga tafiyar fareti har a tsakar gida. Dariyar shirin tana fitowa ne daga karon da ake yi tsakanin dokar bariki da zaman farar hula. Mutum ne da ya saba a ce masa to kafin ya rufe baki, sai ga shi cikin mutanen da ke tambayarsa dalili. Sauran 'yan wasan aikinsu su tsokano shi, su ba shi bango ya yi karo da shi. In aka ɗauko wani aka sa masa kakin, aka liƙa masa gashin baki, tsawar za ta fito, amma kunnen mai kallo zai ji cewa aro ce.

Akwai dalili na sana'a a ƙarƙashin wannan. Yawancin wasannin talbijin na wancan zamani, da kusan duk camamar da ta biyo baya a kaset, ba a rubuta musu zance kalma bayan kalma. Ana zama ne a tsara ƙashin labari: yau za ka ci bashi, mai kuɗi zai zo, za ka ɓoye, matarka za ta tona ka. Sauran kuma ya rage wa bakin ɗan wasa idan an kunna na'ura. Ke nan halin Samanja ko na Karkuzu ko na Ibro bai taɓa zama a takarda ba balle a miƙa wa wani. Yana cikin maƙogwaron mutum ɗaya ne, da yadda yake jan numfashi kafin ya saki magana, da sanin daidai lokacin da zai yi shiru. Marubuci yana iya barin wasiyya. Mai ƙirƙira nan take ba shi da abin da zai bari sai faifan da aka ɗauka. Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya nuna fuskokin biyu: a Cockcrow at Dawn na Turanci yana cikin rubutaccen shiri mai mutane da yawa, a Karambana kuwa shi ne shirin.

Kasuwa ma ta sa hannu. Yankinmu na Sabiyal da Aliero da Jega da Maiyama bai taɓa zama wurin shirya irin waɗannan wasanni ba, mu masu kallo ne, kuma yadda muke sayen kallon yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Kafin a ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991 tashar Sakkwato ce tamu, akwatin talbijin kuma sai gidan wane da wane, yara su cika zaure. Daga baya kaset ya zo, sai faifai, sai tauraron ɗan'adam. Yau yawanci a waya ake kallo, mutum ya miƙa wa mai shagon caji wayarsa a tura masa. A tsaya a irin wannan shago ranar kasuwar Jega a saurara. Da wuya a ji wanda ya ambaci sunan kamfani ko na mai ba da umarni. Abin da za a ji shi ne, "Sa min na Bosho," ko "Sabon Umar Hashim ya hito?" Wato ɗan camama Sulaiman Bosho ake nema, ko jarumin shirin Izzar So. Wanda ya wuni yana ɗinkin buhun albasa, ya ware 'yan kuɗi kaɗan don nishaɗin dare, ba zai yi caca da su a kan baƙuwar fuska ba. Mai zuba jari a Kano ya san haka sarai. Shi ya sa aka yi shekaru ana manna sunan Ibro a gaban sunan fim, Ibro kaza, Ibro kaza, ko da labarin ciki bai kai ya kawo ba.

To amma tsohon wasan Hausa bai san wannan matsala ba. A tashe, yaron da ya yi Jatau mai magani bana, baɗi ƙaninsa ne zai ɗaura layun. Wanda ya sa gemun auduga ya yi tsoho ba shi da wani haƙƙi a kan gemun. A kalankuwa samari kan raba muƙamai, wannan Gwamna, wancan Alƙali, shekara ta zagayo a sake rabo. Nalako na Kano, mai farautar gwauraye da azumi, sarauta ce: mai riƙe da ita ya rasu a naɗa wani, gangar ba ta fasa fita ba. A duk waɗannan, rawar ita ce dawwamammiya, mai takawa baƙo ne. Talbijin ta juya lamarin, domin na'urar ɗaukar hoto tana matsowa kusa da fuska, ta maimaita fuskar nan mako bayan mako har ta zama ita ce rawar.

Inda Bahaushe ya daɗe da sanin gwani ɗaya da ayarinsa shi ne wajen kiɗa, kuma a nan ƙasar Kabi ta ba mu misalai biyu da suka saɓa wa juna. Na farko gidan Ɗandawo. Aliyu Ɗandawo makaɗin fada ne, da ya kau ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya ja ayari daga Yawuri, ya yi suna har wasu matasa ba su san akwai uban ba. Irin wannan gadon ba sa'a ba ce, tsari ne. Kiɗan fada yana da muƙamin Daudun kiɗi, wato mataimakin da ke tsaye kusa da shugaba shekara da shekaru, yana karɓa, yana ƙari, yana jan waƙa in maigida ya gaji, jama'a suna sabawa da muryarsa tun kafin ranar ta zo. Musa Ɗankwairo kansa a haka ya taso ƙarƙashin yayansa Kurna, kuma da ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan. Fada tana nan, gindin waƙa yana nan, 'yan amshi sun haddace, don haka sabon shugaba yana da wurin da zai sa ƙafa.

Na biyu shi ne Gambu, Muhammadu Gambo na Fagada a ƙasar Maiyama, mai waƙar ɓarayi, wanda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi wa littafi sukutum. Shi ma yana da makaɗansa. Amma abin da ake saurare a wurinsa shi ne bakinsa: yadda yake kwance labari, da raha, da tsoratarwa, da iya sa mai sauraro ya rasa ko yabo ake yi ko tonon asiri. Wannan ba kujera ba ce da za a ce wane ya hau. Kalangu na nan a ko'ina, masu kaɗa shi ba su ƙare ba, amma babu wanda ya taɓa jin wata waƙa ya ce ga sabon Gambu.

Wasan talbijin na Hausa ya ɗauki fasalin Gambu alhali yana bukatar tsarin Ɗandawo. Yana da ayari babba da albashinsu ya dogara ga shirin, yana da lokaci a jadawalin tasha da dole a cike kowane mako, amma bai tanadi Daudu ba. Manomin albasa a Aliero ya san ba duk abin da ya tono ake ɗura wa buhu a loda wa mota ba, akwai wadda ake warewa don iri. Masu shirya wasanninmu na da, duk abin da gwaninsu ya fitar a ranar ake sayar da shi.

In aka leƙa kudancin ƙasar nan za a ga inda bambancin yake. The Village Headmaster, wanda Segun Olusola ya ƙirƙira, ya yi kusan shekara 20 daga 1968, kuma mutum uku suka riƙe kujerar shugaban makarantar ɗaya bayan ɗaya: Ted Mukoro, Femi Robinson, Justus Esiri. Bai girgiza ba, saboda kowa ya san ana yi wa hedimasta canjin wurin aiki, ƙauyen ne ba ya tashi. Papa Ajasco na Wale Adenuga ya fi ban sha'awa. Tun kafin ya shiga talbijin zanen barkwanci ne a mujallar Ikebe Super, da sanƙonsa da tumbinsa. Da Abiodun Ayoyinka ya bar rawar aka ba Femi Ogunrombi, daga baya Ayoyinka ya dawo, shirin bai tsaya ba. Mai kallo ya yi gunaguni, amma akwai zanen da zai auna sabon mutum da shi. Zebrudaya na The New Masquerade kuwa ɗan'uwan Samanja ne: karyayyen Turancin nan na Chika Okpala ne, ba wanda ya isa ya ara.

Turawa ma ba su tsira ba. Shirin The Office na Amurka cike yake da gwanaye, amma da Steve Carell ya fita a 2011 sai ya yi ta lalube har aka rufe shi a 2013. BBC ce ta yi dabarar da ta fi kowace a 1966, lokacin da rashin lafiya ya hana William Hartnell ci gaba da Doctor Who. Sai marubutan suka ce ai jarumin ba ɗan'adam ba ne, yana iya sauya jiki da fuska, suka kawo Patrick Troughton, suka mai da canjin ya zama wani ɓangare na labarin. Misalin da mutanenmu suka fi sani shi ne na Turkiyya, tunda an sha kallonsa da fassarar Hausa. Engin Altan Düzyatan ya yi Ertugrul daga 2014 zuwa 2019. Da aka tashi ci gaba, ba a nemi wani saurayi a ce shi ne Ertugrul ba. An tsallaka zuwa ɗansa Usman, aka ba Burak Özçivit, sannan da Ertugrul ya sake bayyana ya zo ne a tsoho tukuf, wani dattijon ɗan wasa ya taka shi. Gado aka yi, irin na gidan kiɗa.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta kawo gwaji na farko mai ƙarfi na kauce wa wannan tarko a Hausa. Daɗin Kowa, da ya fara a 2015, sunan gari ne, ba na mutum ba. Akwai ɗakin marubuta, akwai rubutaccen zance, akwai gidaje da yawa da labari ke zagayawa a tsakaninsu, ta yadda in wata ta yi aure ta bar fim, ko wani ya sami saɓani da masu shiri, sai a ce ya yi tafiya. Dabara ce mai kyau kuma ta yi aiki, shirin ya daɗe fiye da yawancin tsararrakinsa. Sai dai ko a garin da aka gina don kada kowa ya fi kowa, mai kallo sai da ya zaɓi nasa. Ɗan'azumi Baba marubuci ne tun kafin shirin, yana da littattafansa, amma yau Kamaye ake kiransa a titi, kuma ba a iya tunanin Kamaye ba tare da Adama ba. Mato Yakubu ya zama Malam Nata'ala har rasuwarsa a Nuwamba 2025. Garin zai ci gaba da cin kasuwa, amma tsangayar nan ba a isa a zaunar da wani a kan buzunta a kira shi da sunan ba.

Labarina na Aminu Saira shi ya gwada abin da ake tsoro, a gaban kowa. Shirin ya fara a 2020, ya ginu a kan Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta taka. Da ta bar shirin, aka kawo Fati Washa aka ce ita ce Sumayya. Fati Washa ba ƙaramar 'yar wasa ba ce, kuma ba ta gaza ba. Matsalar ita ce an nemi mai kallo ya yi abin da zuciya ba ta iya yi, wato ya kwashe duk tausayin da ya tara wa wata fuska tsawon zanguna ya juye wa wata fuskar cikin dare ɗaya. A gidajenmu hukuncin gajere ne: "Wagga ba Sumayya ta ba." Abin da ya riƙe mutane da yawa a lokacin, a ganina, 'yan gefe ne, musamman Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, mutumin da ko tsayuwa ya yi a bakin ƙofa ya gama sace fitowar. Wannan ma darasi ne a kan shirin taro: wani lokaci wanda ba a iya maye gurbinsa ba shi ne wanda hotonsa ke tsakiyar talla ba. Daga baya Saira ya yi abin da ya fi dacewa, ya rufe labarin Sumayya ya buɗe sabo da sababbin mutane, Sadiq Sani Sadiq ya zo a Mainasara. Sunan shirin ya ba shi wannan dama, tunda kowa yana da labarinsa.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a daina gina shiri a kan mutum ɗaya gaba ɗaya, a yi ta rubuta garuruwa da ma'aikatu da makarantu inda kowa daidai yake da kowa. Ban yarda ba. A lissafa wasannin da aka yi shekara 30 ko 40 ana tunawa da su, za a tarar kusan duka sunan mutum ne. Shirin da kowa a cikinsa ana iya canza shi, shi kansa shirin ana iya canza shi da wani, mai kallo ba zai yi kewarsa ba. Gwanin da ya fi ƙarfin ayarinsa shi ne ke jawo mutane su zo su ga ayarin. Da yawa daga 'yan camamar da suka yi suna a gefen Ibro aka fara ganinsu, ya zage su, ya kore su da gudu, jama'a suka riƙe fuskokinsu. Da ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014 babu wanda ya yi gangancin sa jar hularsa ya ce shi ne. Sulaiman Bosho da sauransu kowa ya ja nasa salon, camama ta rayu, Ibro ne bai maimaitu ba. Abin da nake zargin masu shiri da shi bai wuce biyu ba: ƙin renon na biyu tun na farko yana da ƙarfinsa, da kuma raina hankalin mai kallo ta hanyar sauya fuska a bar suna.

Zamanin YouTube ya zo da wata sabuwar warwara wadda ba ta fasaha ba ce, ta mallaka ce. Izzar So, wanda ya fara a 2020, Lawan Ahmad ne Umar Hashim, kuma shi ne mai shirin, a tasharsa ta Bakori TV ake sakinsa. Mai ba da umarnin shirin, Nura Mustapha Waye, ya rasu a 2022, aka yi jimami, shirin ya ci gaba. Tauraron ba zai yi fushi da mai kuɗi ya fita ba, domin shi ne mai kuɗin. Idan aka tuna yadda Karkuzu ya ƙare rayuwarsa, ido ya tafi, sai da jama'a suka kai masa ɗauki, ba za a ga laifin ɗan wasan da ya ce fuskarsa ba za ta yi wa wani noma ba. Illar kuwa a cikin labarin take fitowa. Jarumin da yake biyan marubuci da wuya a rubuta masa faɗuwa ta gaske, da wuya ya yi kuskuren da ba a wanke shi ba kafin zango ya ƙare, kuma da wuya a bar wani na gefe ya yi tsawon da zai yi masa inuwa.

Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya ɗauki matsalar kanta ya mai da ita abin dariya, ko da gangan ko ba da gangan ba. Ga attajirin tsoho, Magaji Mijinyawa, ga tarin 'ya'ya kowa da halinsa, kowa idonsa na kan dukiya. 'Ya'yan ne ke kawo yawancin dariyar, su ke zirga-zirga, su ke ƙulla makirci su warware, tsohon sau da yawa yana zaune ne yana kallonsu. Ana iya rage ɗa ɗaya ko a ƙaro wani daga wata tsohuwar matar da aka manta da ita, ba abin da zai canza, hasali ma ƙarin abin dariya ne. Amma duk abin da suke yi saboda Alhaji Badamasi yana numfashi ne kuma bai saki makullin ba. Marubucin shirin yana da 'yancin ya kwantar da shi ciwo, ya sa a fara lissafin kaso a bayan ɗaki, ya kawo malamin rabon gado har bakin ƙofa. Abu ɗaya ne ba shi da ikon rubutawa in yana son a ɗauki wani zangon, shi ya sa duk sanda 'ya'yan suka gama shiri sai tsohon ya buɗe ido ya nemi a kawo masa abinci.